Bukukuwan Shiga Sabuwar Shekara a Al'adun Duniya, Da da Yanzu



Gabatarwa

Da mutum zai shiga kasuwar wani gari na ƙasar Hausa ya tare mutum uku, manomi da malamin zaure da akawu, ya tambaye su ran da shekara take kamawa, da wuya ya sami amsa iri ɗaya. Manomi zai ce shekara tana kamawa ne ran da aka yi ruwan shuka. Malami zai ce sai an ga jinjirin watan Muharram. Akawu kuwa zai nuna kalandar da ke rataye a bangon ofishinsa, ya ce ɗaya ga Janairu. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne yake ɗauke da shekarun nan uku, domin akawun da ke jiran kasafin kuɗin Janairu shi ne mai gona a ƙauyensu, shi ne kuma mai azumin Ashura.

Dalilin wannan saɓani ba ɓoyayye ba ne. Tafiyar rana da wata kewaye ce kamar zobe, zobe kuwa ba shi da kai, ba shi da gindi. Allah ya sanya su ma'aunin lokaci, amma wurin da za a ɗora yatsa a ce nan ne mafari, mutane ne suke zaɓensa, kowace al'umma gwargwadon bukatarta. Saboda haka wannan lacca za ta bi tambayoyi biyu. Ta farko, wa yake yanke ranar da shekara za ta kama, kuma don me? Ta biyu, me mutane suke yi idan ranar ta zo? Za a ga cewa tambayar farko ta shafi rumbun talaka da albashin ma'aikaci, ta biyu kuwa ta shafi zumuncin da ke riƙe da gari.

Shekarar Manomi

Manomi ne ya fara yanka wa shekara mafari. A Masar ta zamanin Fir'aunoni rayuwa duka ta rataya ne a kan ambaliyar Kogin Nilu, wadda take shimfiɗa baƙar laka a gonaki sau ɗaya a shekara. Masarawa sun lura cewa tauraron nan da Larabawa ke kira Shi'ira, wanda aka ambata a Suratun Najmi, yakan ɓace kwanaki da yawa, sa'an nan ya sake bayyana gab da fitowar rana a daidai lokacin da kogin ya fara cika. Wannan lokaci suka kira buɗin shekara. Shekararsu wata 12 ce, kowane kwana 30, da ƙarin kwana 5 a ƙarshe, watau kwana 365. Da yake ba su ƙara kwana ɗaya bayan kowace shekara huɗu, sai lissafin hukuma ya riƙa zamewa daga lissafin tauraro, ba su sake haɗuwa sai bayan shekara 1,460. Madatsar ruwa ta Aswan, wadda aka gama a 1970, ta kawo ƙarshen ambaliyar, amma lissafin bai mutu ba. Kiristocin Kibɗawa na Masar da mutanen Habasha har yau suna shiga sabuwar shekara ran 11 ga Satumba, ko 12 ga wata idan shekara mai ƙarin kwana na tafe. A Habasha ranar ta dace da ɗaukewar damina, lokacin da wani fure mai ruwan ɗorawa yake rufe tuddai, 'yan mata suna bi gida gida suna waƙa. Lissafinsu yana bayan na Turawa da shekara 7 ko 8, shi ya sa sai a Satumbar 2007 suka yi bikin shiga shekara ta 2000.

A Babila, cikin ƙasar Iraƙi ta yau, shekara tana kamawa ne a watan Nisan, lokacin girbin sha'ir, da wani biki na kwana 12 mai suna Akitu. Abin da ya fi jan hankali a bikin shi ne rana ta biyar. A ranar sarki yakan shiga ɗakin gunkinsu Marduk, babban mai tsafi ya karɓe masa kambi da sandar mulki, ya mare shi, ya sa shi ya durƙusa ya rantse cewa bai wulakanta birnin ba, bai zalunci mutanensa ba. Sa'an nan a mayar masa da kayan sarautarsa, a sake marinsa. In hawaye ya zubo, sai a ce shekara za ta yi kyau. Watau a ganinsu sarauta ma aro ce ta shekara ɗaya, sai an sabunta ta.

Farisawa kuwa sun ɗora mafarin shekararsu, Nairuz, a kan ranar da dare da rana suke daidaita bayan wucewar sanyi, wajen 20 ko 21 ga Maris. A 1079 Sarki Malik Shah ya tara masana taurari, cikinsu har da Umar Hayyam, suka gyara lissafin don kada ranar ta ƙara zamewa. A Afirka ta Yamma ma labarin ke nan. Ibo ba sa cin sabuwar doya sai an yi bikinta, mutanen Ga na Ankara kuma suna shiga shekara da bikin Homowo, wanda ma'anarsa yi wa yunwa ihu.

Shekarar Mai Mulki

To, ɗaya ga Janairu fa? Ba ta dace da shuka ba, ba ta dace da girbi ba, ba ta dace da tsayuwar wata ba. Asalinta aikin ofis ne. Rumawan farko suna fara shekara ne a watan Maris, kuma shaidar haka tana nan cikin sunayen watannin da ake amfani da su kullum: Satumba daga kalmarsu ta bakwai take, Oktoba takwas, Nuwamba tara, Disamba goma, alhali yanzu su ne na 9 zuwa na 12. A shekara ta 153 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, tawaye ya tashi a ƙasar Sifen, aka bukaci sababbin shugabannin Rum su kama aiki da wuri don su fita yaƙi. Sai aka dawo da ranar kama aikinsu daga tsakiyar Maris zuwa ɗaya ga Janairu. Da yake da sunan shugabannin ake kiran shekara, sai ranar ta zama mafarinta. Yuliyas Kaisar ya tabbatar da haka cikin gyaran da ya fara aiki a shekara ta 45 kafin haihuwar Annabi Isa, bayan ya miƙe shekarar da ta gabace ta har ta kai kwana 445. Sunan watan kuwa daga gunkinsu Janus ne, mai fuska biyu, ɗaya tana duban baya, ɗaya tana duban gaba.

Su kansu Turawa ba su riƙe wannan rana bai ɗaya ba. Ƙarnuka da yawa wasu suna farawa ran Kirsimeti, wasu ran Ista, wasu ran 25 ga Maris. Faransa ta tsaya a kan Janairu da dokar sarki ta 1564. Fafaroma Giregori na 13 ya gyara lissafin Kaisar a 1582, aka tsallake kwana 10 a watan Oktoba. Rasha ta baro ɗaya ga Satumba ta koma Janairu a 1700, bisa umarnin Sarki Bitrus. Ingila ce ta yi nawa. Sai a 1752 ta fara shekara da Janairu, kuma a Satumbar wannan shekara mutane suka kwanta ran 2 ga wata suka wayi gari ran 14. Amma masu karɓar haraji ba su yarda su yi asarar kwana 11 ba, suka tura ƙarshen shekararsu daga 25 ga Maris zuwa farkon Afrilu. Har yau shekarar harajin mutum a Ingila tana kamawa ran 6 ga Afrilu, ta baitulmalin gwamnati kuma ran 1 ga Afrilu.

Wannan gado ne ya iso Nijeriya. Tsofaffin ma'aikatan En'e sun san cewa shekarar kuɗi tana kamawa ran 1 ga Afrilu ta ƙare ran 31 ga Maris, kuma haka aka ci gaba bayan samun mulkin kai, sai a 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka mayar da ita Janairu zuwa Disamba. Ɗaya ga Janairu kuwa ta daɗe tana zama ranar da hukuma take buɗe sabon shafi: ran nan ne a 1900 Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, ran nan ne a 1914 aka haɗe Arewa da Kudu, ran nan ne a 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule.

Sai dai ikon mai mulki a kan shekara yana da iyaka. Masu juyin juya halin Faransa sun ƙago sabuwar kalanda a 1793, mai mako na kwana 10, suka ɗora mafarin shekara a kan 22 ga Satumba, ranar kafa jamhuriyarsu. Talakawa ba su karɓe ta ba, Nafoliyon ya soke ta daga ɗaya ga Janairun 1806. Gwamnatin ƙasar Sin ta soke hutun sabuwar shekarar gargajiya a 1967, ta ce kowa ya fita aiki, amma a 1980 ta mayar da shi, kuma a yau ba tafiyar da ta kai ta wannan biki yawan jama'a a duniya. Alƙalami yana iya matsar da rana a takarda cikin dare ɗaya, amma bikin da ya yi saiwa a gidajen mutane ba ya tumɓukuwa da doka.

Shekarar Hijira

Larabawa kafin Musulunci suna da watanni, amma ba su da lambar shekara. Da abin da ya auku suke kiranta, kamar Shekarar Giwa, yadda tsofaffin Hausawa suke cewa an haifi wane shekarar yunwar Kakalaba, watau 1914, ko shekarar zuwan Sarauniya, watau 1956. Malaman tarihi sun ruwaito cewa a zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, wajen shekara ta 17 bayan Hijira, gwamnansa Abu Musal Ash'ari ya koka cewa takardu suna zuwa masa ba tare da shekara ba, ba ya sanin wadda ta riga wata. Halifa ya tara Sahabbai aka yi shawara, aka zaɓi Hijirar Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ta shekarar 622, ta zama mafarin ƙidaya. Ko da yake a Rabi'ul Awwal ya isa Madina, Muharram aka sa a gaba, domin shi ne watan da mutane suke komowa daga aikin Hajji. Abin lura a nan shi ne, ita ma wannan ƙidaya bukatar aikin mulki ce ta haife ta, kuma ba a shar'anta wata salla ko wani biki na ranar ɗaya ga Muharram ba.

Shekarar Hijira ta wata ce zalla, kwana 354 ko 355, domin Alƙur'ani a Suratut Tauba ya hana al'adar jinkirta watanni da Larabawa suke yi. Saboda haka tana gaza shekarar rana da wajen kwana 11, tana kewaya damina da rani cikin shekara 33. Shi ya sa a 2008 aka shiga sabuwar shekarar Musulunci sau biyu, 1429 a Janairu, 1430 a Disamba. Hikimar wannan a ibada a fili take, domin azumi ba ya dawwama cikin zafi a kan wata al'umma ita kaɗai. Amma gero ba ya nuna da ganin wata, kuma shari'a ta san da haka, shi ya sa zakkar kuɗi take jiran cikar shekarar wata, ta amfanin gona kuwa ranar girbi ake fitar da ita.

Daulolin Musulmi da suka yi sakaci da wannan bambanci sun ɗanɗana kuɗarsu. Abbasiyawa sun gaji al'adar Farisawa ta buɗe karɓar harajin gona ran Nairuz. Da yake a lokacin ba a ƙara kwanan nan na bayan shekara huɗu, sai Nairuz ta yi ta matsowa gaba, har ya zama ana neman haraji alhali shuka tana kore. Manomi sai ya ci bashi ya biya, ko ya gudu ya bar gonar. A shekara ta 282 bayan Hijira, watau 895, Halifa Mu'utadid ya jinkirta ranar zuwa 11 ga Yuni, bayan girbi, mutane suka yi ta sa masa albarka. Daular Usmaniyya ta Turkawa tana karɓar haraji da shekarar rana, tana biyan sojoji da shekarar wata, sai ya zama bayan kowace shekara 33 akwai albashin shekara guda cur da ba shi da harajin da zai biya shi, abin da ya sha jawo wa baitulmali rikici da boren soja. A Bangal, ana danganta kalandar ƙasar da Sarki Akbar na Indiya, wanda ya daidaita shekarar haraji da lokacin girbi. Na kusa kusa kuma, a 2016 Saudiyya ta mayar da biyan albashin ma'aikatanta daga watannin Hijira zuwa na Miladiyya. Albashi 12 ne kamar da, amma kwanakin aikin shekara sun ƙaru da wajen 11. Duk ma'aikacin da ke zaune a nan ya san ma'anar wannan.

Abin da Ake Yi Ranar

Idan aka koma ga tambaya ta biyu, abin mamaki shi ne, duk da saɓanin ranaku, ayyukan kusan iri ɗaya ne ko'ina, kuma ana iya kasa su kashi huɗu.

Na farko, kawar da dattin tsohuwar shekara, galibi da tsintsiya ko wuta ko ruwa. Mutanen Iran suna kiran sharar da suke yi kafin Nairuz girgiza gida, kuma a daren Larabar ƙarshe ta shekara suna hura wuta a titi suna tsallakawa. A Ikwado ana ɗinka mutum-mutumi na tsumma, a kira shi tsohuwar shekara, a ƙone shi da tsakar dare. A Tailan, daga 13 zuwa 15 ga Afrilu, ana zuba wa tsofaffi ruwa a hannu don neman albarka, matasa kuma su yi ta watsa wa juna a titi. A Japan ana kaɗa ƙararrawar ɗakin ibada sau 108, adadin miyagun sha'awoyin da addinin Buda ya lissafa. Mutanen tsibirin Bali na Indunisiya kuwa da shiru suke wanke tasu shekarar: yini da kwana ba wuta, ba aiki, ba fita, har filin jirgin sama rufe shi ake yi.

Na biyu, ci, bisa imanin cewa yadda aka fara haka za a ƙare, kamar yadda Bahaushe yake cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Rumawa suna ba juna zuma da dabino da ɓaure don shekara ta yi zaƙi. Yahudawa suna tsoma tuffa a zuma, suna busa ƙahon rago, sa'an nan su shiga kwana goma na tuba. Sinawa ba sa rasa kifi a akushin daren, domin a harshensu sunan kifi ya yi kama da kalmar rara. Mutanen Sifen suna haɗiye 'ya'yan inabi 12 tare da bugun agogo na sha biyun dare. Wani cin kuma tarihi ne. A Haiti ana shan miyar kabewa ran ɗaya ga Janairu, domin ran nan ne a 1804 bayin da suka kori Faransawa suka kafa ƙasarsu, kuma ana cewa a zamanin bauta su ke dafa miyar amma an hana su sha.

Na uku, biyan bashi da sada zumunci. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma al'ummomi da yawa ba sa son ya kwana cikin sabuwar shekara. Basine yana ƙoƙarin sauke bashinsa kafin daren, ya koma gidan iyayensa komai nisa, ya ba yara kuɗi cikin jan ambulan. Ɗan kasuwar Bangal, ran 14 ga Afrilu ko washegari, yana rufe tsohon littafin bashi ya buɗe sabo, ya gayyaci abokan cinikinsa su biya abin da ake binsu, shi kuma ya ba su alewa. A Sikotlan ana son baƙon farko da zai tsallaka ƙofa bayan tsakar dare ya shigo da gawayi a hannu, alamar gidan ba zai rasa wuta ba.

Na huɗu, sassauta dokar girma da ƙanƙanta na ɗan lokaci, irin marin da ake yi wa sarkin Babila. Za a ga misalinsa a ƙasar Hausa.

Ba kowa ne yake shiga shekara da murna ba. Ga bayin Amurka, ɗaya ga Janairu ita ce ranar da ake ba da hayarsu ko a sayar da su, a raba uwa da ɗa, har zuwa daren 31 ga Disambar 1862, da suka kwana a majami'u suna jiran dokar 'yanci ta Shugaba Linkon. Ga 'yan Shi'a kuma goman farko na Muharram kwanakin makoki ne, saboda kisan Husaini, jikan Annabi, a Karbala a shekara ta 61 bayan Hijira.

A Ƙasar Hausa

Bahaushe ya karɓi watannin Musulunci, amma ya raɗa musu sunaye daga abin da yake yi a cikinsu: watan azumin tsofaffi, watan sha ruwan tsofaffi, watan azumi, watan ƙaramar salla, watan bawan salla, watan babbar salla. Muharram kuwa ya kira shi watan cika-ciki. Abin da sunna ta tabbatar a watan shi ne azumin Tasu'a da Ashura, 9 da 10 ga wata. Al'ada kuma ta ƙara nata. Uwargida takan ɓoye wutsiyar ragon layya da wani abu na busasshen namansa tun daga babbar salla, sai a wannan dare ta fito da su ta yi miya, a tuƙa tuwo fiye da na kullum, a aika wa maƙwabta, a ce wa yara kowa ya ci ya ƙoshi, domin wanda bai cika cikinsa a daren ba zai shekara da yunwa. Malamai sun daɗe suna gargaɗi cewa wannan magana ta ƙarshe ba ta da tushe, kuma sun yi saɓani a kan ingancin hadisin yalwata wa iyali ranar Ashura. Amma mai nazarin al'ada zai lura da abu ɗaya: naman watan ƙarshe na tsohuwar shekara ne ake ci a watan farko na sabuwa, watau an ɗaure bakin zoben.

A watan ne kuma ake biyan kuɗin shara tsakanin abokan wasa. Taubasai, watau ɗan mace da ɗan namiji, sukan tare juna, ɗaya ya nemi shararsa, a yi ta ba'a da tsiya, ba mai fushi. Haka jika da kaka. Wasan ya wuce gida ya shiga tsakanin al'ummomi, kamar Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarabawa, inda talaka yake iya faɗa wa mai rawani abin da ba ya faɗuwa a wani wuri. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amfaninsu shi ne sau ɗaya a shekara kowa ya tuna da wanda yake da haƙƙi a kansa, zumunta kuwa a ƙafa take. A wasu garuruwa kuma samari sukan kunna kara da ciyawa da dare su yi wasan wuta.

Waɗannan al'adu ba na Hausawa kaɗai ba ne. Yarabawan Epe suna bikin Kayokayo a Muharram, ma'anar sunan kuwa a ci a ƙoshi. Dagwambawan Gana suna fita da wutar ciyawa a daren tara ga watan, a bikin da suke kira Bugum. A Agadas ana bikin Biyanu, wanda yake kai wa ga Ashura. A Sanagal ana cika ciki da burabuskon gero a daren Tamharit, yara maza su sa kayan mata, mata su sa na maza, su bi gidaje. A Maroko ma ana ajiye busasshen naman layya don Ashura, yara suna tsallake wuta suna watsa ruwa. Wannan kamanni yana bin hanyoyin da fatake da malamai suka bi ta Hamada.

Duk da haka manomin Hausa bai taɓa shuka da watan cika-ciki ba. Yana da nasa lissafin da yake farawa daga ƙarshen kaka, wanda karin magana ya adana: watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Maguzawa da Arna suna buɗe tasu shekarar da buɗin daji, kafin farauta da sharar gona, kuma a Masalata, kusa da Birnin Ƙonni, jama'a sukan taru su ji abin da masu duba za su ce game da daminar da ke tafe. Malaman zaure kuma suna da lissafin taurari 28, kowane kwana 13, ɗaya mai 14, jimla 365, bakwai bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari. Tare da shi suna riƙe da watannin ajami da suka zo daga Magrib, waɗanda asalinsu kalandar Kaisar ce. Na farkonsu, Yanayir, shi ne Amazik, dangin Buzaye, suke wa bikin sabuwar shekara, wanda Aljeriya ta mayar ranar hutu daga 2018. Ashe Janairun Rumawa ta iso zauren malam ta Hamada tun kafin ta iso ofis ta teku.

Kammalawa

A yau ɗaya ga Janairu hutu ne a Nijeriya duka, Kiristoci suna kwana a majami'u suna addu'ar tsallakawa. Jihohi da dama, irin su Kano da Sakkwato da Jigawa, sukan ba da hutun ɗaya ga Muharram bayan sanarwar Sarkin Musulmi. Shekarar manomi ce kaɗai ba ta da hutu, ba ta da kalanda a bango, alhali ita ce take ciyar da sauran biyun.

Ga ma'aikatan gwamnati, darasin Halifa Mu'utadid bai tsufa ba. Harajin da aka soke a jihohin Kano da Kaduna a 1979, duk da nauyinsa, da kaka ake karɓarsa, lokacin da aka sayar da gyaɗa da auduga, domin masu karɓa sun san shekarar mai biya. Takin da aka sa cikin kasafin Janairu amma bai isa ƙauye ba sai gero ya yi bununi, a takarda an kashe kuɗinsa cikin shekara, a gona kuwa shekarar ta riga ta wuce. Rancen noma da aka ce a biya kafin a kai amfani rumbu yana jefa manomi hannun mai ba da bashi da ruwa, daidai yadda ya jefa manomin Iraƙi shekara fiye da 1,100 da suka wuce. Wanda zai yanka wa jama'a rana, wajibi ne ya fara sanin tasu ranar.

Ga ɗalibai kuwa, akwai aiki yana jira. Sunayen taurarin nan 28, da ƙidayar watannin manoma, da ƙa'idar wanda yake biyan shara da wanda yake karɓa a kowane gari, da waƙoƙin da yara suke yi a daren cika-ciki, yawancinsu suna cikin kawunan tsofaffi ne, tsofaffin kuwa suna tafiya. Ɗalibin da ya san dalilin da ya sa mutanen Sifen suke cin inabi 12, amma bai san dalilin da ya sa kakarsa take ɓoye wutsiyar rago ba, karatunsa da saura. Hutu mai zuwa, kowa ya ɗauki littafi da alƙalami ya zauna gaban tsohuwar gidansu, ya rubuta abin da ta faɗa da sunan garin da shekarar da aka faɗa, ya kawo wa sashen Hausa a adana.

Allah ya sa a ga baɗi lafiya, ya ba da damina mai albarka.